Yadda Na Mallaki Bawa a Kura

Ko da tsufa zai kwashe duk abin da ke kaina, ba zan taɓa mantawa da wata safiya a garin Kura ba, ranar da na tsaya a tsakiyar taron suna cikin farar rigata, na yi gyaran murya, na yi wasa na farko a rayuwata. Na ce na farko, domin kafin wannan rana ban san na taɓa furta wata magana da niyyar a yi dariya ba. (An sha yi mini dariya, amma wannan wani babi ne daban.)

Ni mutumin Damagaram ne, ta ƙasar Nijar. Na ƙare karatun aikin gona a Yamai 'yan shekaru bayan babban farin nan da ya ƙarar da dabbobi, a daidai lokacin da labari ya bazu cewa an tare ruwa a Tiga, ana jan sa ta magudanai zuwa gonakin Kura da Bunkure, har mutane suna noman alkama da tumatir da tsakiyar rani. Wani kamfani da ke aikin shimfiɗa magudanan ya nemi masu awon ƙasa, na nema, aka ɗauke ni. Mahaifiyata ta yi ta kuka kamar za ni bangon duniya. Ni kuwa ko a jikina. A lissafina ba baƙunta za ni ba: Hausa zan tarar, salla zan tarar, tuwo zan tarar. Bugu da ƙari, ƙasar Kano za ni, inda ake Hausar da ake rubutawa a littattafai, wadda na daɗe ina ƙaunarta daga nesa.

Saboda haka, kafin in ƙetare iyaka sai da na wanke harshena tas. Na saki lakwal na kama makaranta, na saki belo na kama keke, na bi duk wata kalmar Faransanci da ta maƙale mini a baki na tsince ta. Sai dai na yi wankin ya wuce kima. Idan na gai da mutum a Kura, sai in ga ya gyara tsayuwa, kamar wanda za a karanta wa labaran duniya. Duk da wannan wahala da na sha, sunan da suka laƙaba mini shi ne Ɗan Faransa, domin a wancan zamani haka mutanen Kano ke kiran ƙasarmu ɗungurungum.

An sama mini masauki a shagon ƙofar gidan wani manomi, Malam Garba, mutum mai sanyin hali, wanda ke da gonar alkama a cikin filin noman ranin. A ƙofar gidansa ne magidantan unguwar ke yin ciyayya. Da an idar da magariba, sai a shimfiɗa tabarmi, kowa ya fito da akushinsa daga gida, a haɗa, a ci tare, ana hira ana shewa. Ni kuwa nawa tuwon a ɗaki ake kai mini, a cikin langa mai murfi, har da cokali. Na sani girmamawa ce. Amma girmamawar da ake yi wa mutum shi kaɗai a ɗaki, yana jiyo dariyar mutane ta taga, ba ta da nisa da zaman kaso.

Ba wai ba na fita ba ne. Ina fita in yi sallama, sai hira ta tsaya cak. Wani ya ruga ya ɗauko mini kujera. A tambaye ni aiki, in ba da amsa cikakkiya, mai farko da tsakiya da ƙarshe. A ce mini bismilla, ni kuma in ce alhamdu lillahi, kamar yadda ladabi ya tanada, ina jiran a sake tayi domin in karɓa a na biyu. Ba a taɓa sakewa ba. Da na juya na shiga ɗaki, sai in ji hirar ta tashi daga inda ta kwanta. Haka na yi watanni. Ban rasa ci ba, ban rasa sha ba, albashina kuma yana zuwa a kan kari, amma babu abin da nake so a duniya kamar in ga an matsa mini wuri a kan tabarmar nan.

Mutum ɗaya ne ya taɓa gwada ni. Sunansa Jauro Buba, Bafulatani ne da ya zaunu, yana da gona yana da shanu, kuma duk inda ka ji dariya ta fi ƙarfi a tabarmar, to daga gefensa take. Wata rana na fito gaisuwa, ya ɗaga fitila ya ƙare wa fuskata kallo, ya ga tsagar Barebari da na gada. Sai ya ce, "Garba, ashe bawana ka ɓoye mini a ɗaki? Yaushe ya gudo daga Barno?" Ya ƙara da cewa kakansa ne ya sayi kakana da ƙwaryar nono, kuma har ya rasu yana cewa an cuce shi a cinikin.

Kada mai karatu ya zaci ban san wasan da ke tsakanin Fulani da Barebari ba. Na san shi, amma irin sanin da wanda bai taɓa shiga kogi ba ke yi wa iyo. Mahaifina mutum ne da ba a taɓa ganin haƙoransa a waje ba, ni kuma tun ina ƙarami aka kai ni makarantar kwana, na tashi tsakanin allo da jarrabawa. Don haka sai na gyara tabarau, na bayyana wa Jauro Buba cikin natsuwa cewa kakana magatakardan alƙali ne, ba a taɓa sayar da kowa a zuriyarmu ba, kuma an hana cinikin bayi tun kafin a haifi mahaifina. (Na so in kawo shekarar ma, Allah ya taimake ni ta kwanta mini.)

Jauro Buba ya ajiye fitilar, ya ce Allah ya ba ni haƙuri. Daga ranar, duk inda muka haɗu sai ya ba ni hannu biyu, ya ce ranka ya daɗe, ya wuce. Da farko na ɗauka nasara na yi.

Malam Garba ne ya fahimtar da ni, wata hantsi a bakin magudana, yana buɗe wa alkamarsa ruwa. Ya daɗe yana kewaye-kewaye, ya yi maganar taki, ya yi maganar tsuntsaye, kafin ya zo kan batun. Ya ce, "Malam, Buba fa hannu ya miƙo maka, kai kuma ka karanta masa tarihi. Mu nan, in ka ga ba a tsokanar mutum, to ba a saba da shi ba ne." Ya ce mutane ba ƙina suke yi ba, tsorona suke ji, domin ba su san ta inda za su kama ni ba.

A nan na yanke shawarar zan koyi wasa, kuma na tunkari al'amarin yadda na saba tunkarar komai, wato kamar jarrabawa. Na zauna na tuno irin maganganun da gwaggona ke yaɓa wa masu tallan nono a Damagaram. Na zaɓi guda biyu mafiya kaifi, na gyara musu zubi, na tabbatar babu kalmar da ta zauna a inda ba wurinta ba. Kullum in na tashi daga aiki sai in bi gefen babbar magudana ina maimaita su da ƙarfi, balbelu suna kallona. Har wurin da zan dakata domin a yi dariya sai da na tanada.

Saura zaɓen rana. Ana cikin haka matar Malam Garba ta haihu, aka sa suna. Na ce madalla, ga taro ya samu, gara in wanke kaina a gaban kowa da kowa lokaci guda. Da safiyar sunan na sa farar riga da hula, na dubi madubi, sai na ga mai tabarau bai yi kama da mai barkwanci ba. Na cire tabaran na ajiye a kan gado. Ina roƙon mai karatu ya riƙe wannan, domin ni in babu tabarau, daga taku kaɗan ba na bambanta mutum da turmi sai ya motsa.

Na fito na tarar ƙofar gida ta cika. Ga rago a ɗaure, ga goro ana rabawa, ga sanƙira yana ta kai da kawo. Can sai na hangi Jauro Buba, wanda na gane da muryarsa, yana tafe tare da wani dattijo dogo, siriri, mai sanda, ya naɗa rawani ya ja amawali har bisa hanci. Buba ne ke riƙe masa da buzu da buta. Ya shimfiɗa masa buzun a gaban sahu, dattijon ya zauna, mutane suka yi ta zuwa suna durƙusawa.

Sai na yi lissafi, irin na mai awon ƙasa. Dogo ne, siriri ne, da sanda, tare da Buba ya zo, Buba kuma yana yi masa hidima. Ashe ke nan yayansa ne, ko ma ardon Fulanin yankin baki ɗaya. Me zai sa in ɓata kaifin wasana a kan ƙane, ga babban yaya a zaune? In na kayar da wannan, na gama da Fulanin Kura da Bunkure a bugu ɗaya.

Na tuɓe takalmana a bakin tabarma, na ratsa mutane har gabansa, na tsaya ƙiƙam a kansa, na yi gyaran murya. Da muryar nan tawa ta karanta labarai na ce, "Kai, bawana. Tun yaushe aka ba bayi izinin zama a kan buzu alhali iyayen gidansu suna tsaye? Tashi ka ɗauko mini takalmana, ka kakkaɓe su."

Na dakata a inda na tanada domin dariya. Ba ta zo ba. Sanƙira, wanda ya buɗe baki zai yi kirari, ya bar shi a buɗe. Na ji faɗuwar wani abu a bayana, wanda daga baya na gane farantin goro ne ya suɓuce daga hannun Malam Garba. Mai hankali da a nan zai tsaya. Ni kuwa sai na fassara shirun da cewa jama'a suna jiran kashi na biyu ne. Na ba su. Na sanar da dattijon cewa kakana ya sayi kakansa da tsakin gero, kuma da ya ga irin cin da yake yi, sai ya nemi ya mayar da shi aka ƙi karɓa.

Dattijon ya dogara sandarsa, ya miƙe a hankali, gwiwoyinsa suna ƙara. Mutane suka dare masa. Ya taka har bakin tabarma, ya sunkuya, ya ɗauki takalmana. Wasu suka zabura za su karɓe, ya ɗaga musu hannu. Ya kakkaɓe su da hannun rigarsa, ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa, ya dawo ya ajiye su a gabana, ya daidaita su. Sa'an nan ya matso dab da ni, ya sa yatsa ya sauke amawalinsa.

A wannan kusancin ko ba tabarau ina gani. Tsagar da ke kumatunsa ita ce a kumatuna, layi bisa layi, kamar wanzami ɗaya ne ya yi mana. Ya yi mini wata doguwar gaisuwa da Barbarci, harshen da ban riƙe komai a cikinsa ba sai abin da ba a rasa ba. Da ya ga ina ta motsa baki ba sauti, sai ya koma Hausa, ya ce, "Yaro, ɗan wane gida ne kai a Damagaram?"

Wani da ke gefena ya ja mini riga, ya raɗa mini abin da kowa a wurin ya sani ban da ni. Wannan shi ne Malam Bukar na Bunkure, mahaifin mai jego, surukin Malam Garba, kuma shi aka ɗauko musamman domin ya raɗa wa jaririn suna. Buba ya riƙo masa buzu ne domin almajirinsa ne, a wurinsa yake ɗaukar karatu. Malam Garba, wanda ko haɗa ido ba ya iya yi da surukin nan nasa saboda kunya, tuni ya shige zaure ya ɓace.

Ban san lokacin da na kai ƙasa ba. Na tsinci kaina a durƙushe, hulata a hannu, ina neman kalmar ban haƙuri. Ni da na ƙetare iyaka da Hausa wankakkiya, na laluba ko'ina a kaina ban sami ko guda ba. Abin da ya fito daga bakina, Allah shi ne shaida, Faransanci ne.

Malam Bukar ya koma kan buzunsa ya zauna, ya gyara rigarsa. Fuskarsa ba fushi, ba fara'a. Ya dubi jama'a ya ce, "Kun dai ji da kunnenku, ya ce ni bawansa ne, ni kuma ban musa ba. To, a shari'a, ci da tufafin bawa suna wuyan ubangidansa. Ni tsoho ne, cina kaɗan ne. Amma ina sa riga sabuwa duk salla."

Jauro Buba ne ya fara fashewa. Ya kwanta a kan tabarma yana dukan ƙasa, yana kiran mutane su shaida cewa Barebari sun rasa wanda za su saya sun koma sayen junansu. Daga nan wurin ya ɗauka. Har sanƙira ya samu bakinsa, ya shiga yi mini kirari da mai bayi, ɗan Faransa mai bawa da rawani. An yi addu'a, an raɗa suna, an yanka rago, duk ina durƙushe a inda nake. Har yau in aka tambaye ni sunan yaron nan sai na yi tunani, domin ban ji shi a ranar ba.

Da taro ya watse na sulale na nufi bakin magudana, na wuni a can ina auna abin da ba a sa ni aunawa ba. Na tsara yadda zan ajiye aiki, da motar da zan hau zuwa Kano, da ƙaryar da zan yi wa mahaifiyata. Da yamma na lallaɓo na shige ɗaki na turo ƙofa. Aka yi magariba, na yi tawa a ciki. Na ji an shimfiɗa tabarmi, na ji ana ajiye akussa. Na jira a kawo mini tuwona kamar kullum, shiru. Ranar suna guda, gida cike da nama, amma ko romo bai iso ɗakina ba. Na ce shi ke nan, an sallame ni, kuma ban ga laifinsu ba.

Sai na ji ana dukan ƙofa da sanda. Muryar Buba ce. "Fito, mai bayi, tuwo yana hucewa."

Na fito ina rarraba ido. Malam Garba yana zaune ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa suna rawa. Da ƙyar ya iya isar mini da saƙon mai jego. Ta ce a gaya mini, mutumin da ya sa ubanta ɗaukar takalmi ya fi ƙarfin ta aika masa tuwo ɗaki. In yana jin yunwa ya fito ƙofar gida ya ci tare da kowa, ta ga ko zai mutu. Hukunci ne ta yanke mini, kuma na karɓe shi hannu biyu. Buba ya matsa, ya ja ni na zauna a gefensa, ya ce bawa ba ya nisa da ubangidansa. Ban karanta masa tarihi ba. Ban kuma rama ba, domin wasannina biyu ne kacal, kuma na riga na kashe su a inda bai kamata ba. Na dai sa hannu a akushi. A wannan zama an maimaita labarina ya fi a ƙirga, kowa da irin muryar da yake kwaikwayona da ita, kuma ban taɓa cin tuwon da ya kai wannan daɗi ba.

Rigar kuwa ban kuskura na ɗauke ta wasa ba. Da azumi ya raba tsakiya na shiga Kano na yanko shadda, aka ɗinka, na hau keke na kai Bunkure da kaina. Malam Bukar ya warware ta, ya ɗaga ta a rana, ya duba aikin wuyan, ya ce ba laifi, amma ya ga bayin da aka fi kyautata wa. Sa'an nan ya sa aka kawo mini fura, ya zaunar da ni ya tambaye ni mutanen Damagaram ɗaya bayan ɗaya, ashe ya yi karatu a can yana saurayi. Duk sallar da na yi a ƙasar Kano bayan wannan, sai da na kai riga.

Abin da na koya ba shi da yawa, amma na saye shi da tsada. Na zo ina zaton baƙo yana samun wurin zama ne idan ya nuna ba shi da aibi, ashe mutane ba su san inda za su ajiye marar aibi ba sai a kan kujera. Sai ka ba su abin da za su riƙa yi maka dariya da shi, sa'an nan su matsa maka. Ni dai na ba su wanda ya ishe su har jikoki. Shawarata ga duk wanda aiki zai kai wata ƙasa ita ce ya saki jiki a tsokane shi. In kuwa lalle sai ya mallaki bawa, to ya fara tambayar ko surukin wane ne, kuma ya yi wa Allah ya sa tabaransa.